A Sa Bakin Uwargida Tun Ba A Haƙa Harsashi Ba

 Yau zancenmu a kan ginin gida ne, irin gidan nan na zamani na ƙasaita, wanda maigida ya kan ce shi da kansa zai tsaya a kai: ya sayi fili, ya nemo magina, ya riƙa sayen kaya da hannunsa, ba tare da ya danƙa wa ɗan kwangila ba. Na san wata za ta ce, "Malama, ina ruwan mace da gini?" To, ki tsaya ki ji. Maigida fita ya kan yi da safe, sai dare ya komo. Ke ce mai wuni a ciki. In an ajiye kicin inda rana ta ke duka, ke za ki gasu. In ba a bar wurin shanya ba, ke za ki rasa inda za ki ɗaura igiya. Masu magana sun ce tun ran gini ran zane. Kuskuren da ke kan takarda da fensir a ke gyara shi, amma wanda siminti ya bushe a kansa sai da guduma da kuɗi, wani ma ba ya gyaruwa har abada.

A fara da fili. Filin da aka gani da rani duk kyau gare shi, don haka a koma a dube shi cikin Agusta, kashegarin ruwa mai yawa, a ga inda ruwan ya kwanta da inda ya bi. A kuma tambayi matan maƙwabta, gama su ne suka san ko rijiyar unguwar tana ƙafewa da bazara. Game da takardu kuwa, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, amana ga jama'a, abin da mutum ya ke samu shi ne iznin zama, galibi na shekara 99, a cikin takardar da a ke kira C of O. Takardar ciniki da dillali ya rubuta, mai unguwa ya sa hannu, tana da amfaninta, amma ba ta isa a zuba dukiya mai yawa a kanta ba, sai an je ofishin ƙasa an bincika. Haka kuma zanen gidan sai hukumar tsara birane ta amince da shi. A Kano KNUPDA ce, kowace jiha kuwa da tata. Duk mun sha ganin jan fenti a bangon gidajen da aka gina ba da izni ba.

Yanzu ga inda na fi son mu daɗe. Mece ce ƙasaita a gida? Maigida ya kan zo da hoto a waya, gida ne daga Turai, bango guda duk gilashi, rufi ba baki, ya ce irin wannan ya ke so. Hoton da kyau, ban musa ba. Amma mutumin Ingila neman rana ya ke yi, shi ya sa ya buɗe mata bango. Mu kuwa gudunta mu ke yi. A Kano da Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu ya kan haura digiri 40. Gilashi ya kan bar hasken rana ya shiga, ya tsare zafin a ciki, kamar motar da aka rufe aka bari a rana. Irin wannan gida ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, ran da aka ɗauke wuta kuma mai ya ƙare a janareta, sai ki ga masu gidan miliyoyi sun shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa. Ban da wannan ga ƙurar hunturu, wadda ba mai goge ta a gilashin sai ke da 'ya'yanki. A ganina, babban gida a ƙasarmu shi ne wanda in wuta ta tafi da azahar mutum zai iya yin barci a cikinsa.

Samun haka ba wuya, in an yi tunaninsa da wuri. Dogayen bangayen gida su fuskanci kudu da arewa, manyan tagogi su zama can, domin rana ba ta shiga ta nan sosai, ɗan bakin rufi ma ya isa ya tare ta. Bangon yamma shi ne mai shan zafin la'asar, ya riƙe shi har dare, saboda haka a ajiye sito da bayan gida da matakala a wannan gefe, su zama garkuwa ga ɗakunan kwana. Bangon gabas kuma shi ruwa ya ke duka, gama hadarinmu daga gabas ya kan taso, sai a ƙaranta tagoginsa, a kyautata shafensa. Kowane ɗaki ya sami taga a bango biyu don iska ta ratsa. A ɗaga silin sama, a bar kafofin da zafin cikin rufi zai fita, bakin kwano kuma ya fito sosai ya yi wa bango inuwa. Duk wannan ba ya cin kuɗin da tayil ɗin falo kaɗai ya ke ci.

Kakanninmu sun san waɗannan abubuwa tun ba a kawo siminti ba. Duk wadda ta taɓa shiga tsohon soro da rana tsaka ta san sanyin da ke cikinsa, don katangar tubali mai kauri ba ta barin zafi ya ratsa da sauri. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ƙasa da azara ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, masana gini daga ƙasashen waje kuwa sun sha zuwa kallon bakan gizon da ya ɗaura. Kada ki ce wannan zancen dā ne. Akwai wata 'yar Nijar, Mariam Issoufou Kamara, wadda ta fara da karatun kwamfuta, sa'an nan ta koma ta karanta zanen gini a Amurka. Ita da abokan aikinta sun gama waɗansu gidaje shida masu bene a Yamai cikin 2016, da tubalin ƙasa wanda aka matse da inji, gidaje na zamani sosai, kowane da tsakar gidansa. Cikin 2018 kuma suka gama sabon masallaci a Dandaji, suka mai da tsohon ya zama ɗakin karatu. Ku 'yan makaranta da ku ke tsammani zanen gini aikin maza ne kaɗai, ga misali nan. Ban ce lalle kowa ya yi ginin ƙasa ba, amma a daina ganinsa alamar talauci.

Haka kuma kada a yar da zaure da tsakar gida don an ce zamani ya zo. Sau da yawa a kan yi gida wanda baƙo na buɗe ƙofa sai ga shi tsakiyar iyali, uwargida ta ruga neman mayafi a cikin gidanta. A yi wa baƙin maigida falonsu da ƙofarsu da bayan gidansu, watau zaure ne ya sake riga. Ke kuma ki nemi fili a ciki inda sama ke buɗe, inda za a yi shanya, yara su yi wasa, a yi taron suna ba a toshe wa maƙwabta hanya ba. Kada a bari a malale shi duka da siminti, don siminti ya kan sha rana ya mayar da ita cikin ɗakuna. A bar wurin itace biyu ko uku, a dasa su tun ran da aka ja katanga, amma nesa kaɗan da harsashi saboda saiwa. Kafin a tare sun fara inuwa.

Kicin kuwa, a nan ne za ki kafe, ko da za a ce kin cika magana. Mai zane ya kan ba falo rabin gida, wurin da a ke zama sa'a biyu, ya matse kicin a lungu, wurin da a ke aiki tun asuba. Ki ce a ba shi faɗin da mutum uku za su yi aiki ba su gogi juna ba, da taga babba, da ƙofa ta baya, da sito kusa wanda buhun shinkafa da na masara za su shiga. Tukunyar gas a yi mata ɗan ɗaki a waje mai shan iska. A kuma yi wata rumfa a bayan gida don murhu da turmi, gama ba a tuƙa tuwon biki a kan gas. Tsayin kantar da za ki yi yanka a kai, ki tsaya a auna da jikinki, ba da na birkila ba.

Ga batun ruwa. An ɗauki yayin yi wa kowane ɗaki bayan gidansa, alhali ba a tambayi inda ruwan zai fito ba. Bayan gida shida ba ruwa azaba shida ce. A fara tabbatar da rijiya ko burtsatse da tanki, sa'an nan a ƙidaya famfuna. Masana lafiya suna so a bar kamar mita 30 tsakanin rijiya da ramin ƙazanta. Filin da mu ke kira ƙafa 100 da 50, tsawonsa duka ɗan abu kaɗan ne ya ɗara mita 30, ashe ke nan rijiya a wannan ƙarshe, rami a wancan, kuma sai an leƙa an ga inda maƙwabci ya haƙa nasa. In bene za a yi, a bar ɗakin kwana ɗaya a ƙasa. Yau na tsohuwar maigida ne ko na maijego, wata rana kuwa naki ne, sa'ad da gwiwa ta daina son matakala.

To, an fara aiki. Ƙarfin gida yana cikin abin da ido ba ya gani bayan an yi fenti, watau harsashi da rodi da yawan simintin da ke cikin bulo da kankare. Wanda ya tsaya a kan gininsa da kansa ya kan yi zaton ya tsere wa cutar 'yan kwangila, sai ya cuci kansa wajen neman sauƙi. Bene dai ba a yinsa da ƙiyasin birkila, sai injiniya mai rajista ya lissafa rodin, ya kuma zo ya duba kafin a zuba kankare. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da a ke ginawa a Ikoyi ta Legas ya rushe, ya kashe mutum fiye da 40, gidajen masu hali kuwa a ke yi a cikinsa. Tsada ba ta hana gini faɗuwa.

Akwai abin da ke kanki za ki iya lura da shi ko ba ki taɓa riƙe cokalin gini ba. Bulon kirki in kin murza gefensa da yatsa ba ya zubar da yashi, araha kuwa ba ta ado. Kankaren da aka saba yi wa ginin gida, buhun siminti ɗaya mai kilo 50 ya kan ɗauki kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa. In kin ga lebura na ta ƙara yashi, ki tambaya. Bayan an zuba, sai an yi ta ba shi ruwa safe da yamma, aƙalla kwana 7, don da ruwa siminti ya ke yin ƙarfi, kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28. Mai gaggawar cire katakon da ya tallafi dakin, a hana shi sai injiniya ya ce a cire. A sami littafi guda a riƙa rubuta kowane buhu da ya shigo, da yamma kuma a ƙirga buhunan da aka zazzage. Wannan aikin 'yan makaranta ne. Bulo 10 ke cika murabba'in mita ɗaya, ashe bango mai tsawon mita 4 da tsayin mita 3 zai ci 120, a debe na ƙofa da taga. Yarinyar da ta iya wannan lissafi ta fi ƙarfin a faɗa wa babanta ƙarya.

Wajen kuɗi, ba sai na gaya muku yawan kangayen da ke bayan garuruwanmu ba, an kai linta an tsaya, ciyawa ta cika falo. A farkon 2024 buhun siminti ya haura N10,000 a wurare da yawa, mutane da dama suka ajiye aiki. Ba kuma a tara siminti a ajiye, in ya wuce kamar wata 3 ƙarfinsa ya fara raguwa. Dabara ita ce a zana gidan duka, amma a tsara shi yadda za a gama sashe ɗaya a tare, sauran ya biyo baya. Rufi da ƙofofi da ruwa su ne kan gaba, tayil da fitilun ado sa jira.

Saura magana ɗaya, wadda mata su ke jin nauyin faɗa. Gidaje da yawa da a ke cewa na Alhaji wane ne, akwai sarƙar gwal ɗin matarsa a cikin rufinsu, da kuɗin adashinta, da gonar da ta gada. Taimakon miji abu ne mai kyau, ban hana ba. Amma ki sani in ya riga ki, kuma akwai 'ya'ya, rabon matar aure a gado tumuni ne, watau ɗaya daga takwas, in kuna da yawa kuma ku raba shi tsakaninku. Abin da kika zuba, in ba shaida, ya shiga dukiyar da za a raba. In kuwa zama ya ƙare, ba a ɓamɓaro kwano a ba ki. Saboda haka tun ran da kuɗin ya fita hannunki a san sunansa: kyauta ce, ko rance, ko kuwa kina da kaso a gidan. In rance ne ko kaso, a rubuta yawansa da ranarsa, shi ya sa hannu, ke ki sa, shaidu biyu su sa, ɗaya daga danginki ɗaya daga nasa, kowa ya riƙe kwafi. In kaso ne mai yawa, a sa sunanki a takardar filin tun wajen neman ta, doka ba ta hana suna biyu ba. Ki ɗauko zancen cikin ladabi, a lokacin da a ke shiri da raha, kada ki bari sai ran da rai ya ɓaci. Takardar kuma kada ta kwana a cikin gidan da a ke magana a kai, ki kai ta wurin mahaifinki ko yayanki ya adana miki.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba kayan ɗaki da labule, da irin waɗanda su ke jure ƙurar hunturu.