Sharhi: Darasin ƙarfin kayan gini da gidajen da ke rushewa a Adar

Daminar 2024 ta bar wa Nijar lissafi mai nauyi. Hukumomi sun ce kusan mutum 400 ne suka rasu, ambaliyar kuma ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi. Abin da bai samu kulawa sosai ba shi ne yadda mutanen suka rasu. A alƙaluman da gwamnati ta fitar a farkon Satumban shekarar, cikin mutum 273 da suka rasu zuwa lokacin, 152 gini ne ya faɗo musu, sauran ruwa ne ya ci su. Wato ɗakin kwana ya fi ƙorama kisa. A cikin kwanakin ne kuma tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube.

Jihar Tawa na cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. Duk lokacin da haka ta faru, bayani ɗaya ake ji: ruwa ya yi yawa, gidajen kuma na laka ne. Duka biyun gaskiya ne, sai dai ba su bayyana dalilin da ya sa ɗaki ɗaya ke faɗuwa na kusa da shi ya tsaya ba. Akwai ilimin da aikinsa ke nan. Shi ne darasin ƙarfin kayan gini, wanda ɗaliban injiniya a Nijar ke taƙaita sunansa na Faransanci da RDM, kuma da yawansu ke jin tsoronsa fiye da kowane darasi. Tambayarsa ɗaya ce: wane nauyi abu zai iya ɗauka kafin ya lanƙwashe, ya tsage ko ya karye?

A ɗauki ɗakin soro mai faɗin mita 3 da tsawon mita 4, wanda aka rufe da ƙasa mai kaurin santimita 20. Busasshiyar ƙasar rufin kaɗai ta kai tan 4. Idan aka kwana ana ruwa, ƙasar ta sha ta ƙoshi, nauyinta ya ƙaru, a daidai lokacin da bangon da ke ɗauke da ita ya jiƙe daga gindi ya rasa mafi yawan ƙarfinsa. Kaya na ƙaruwa, mai ɗauka na raunana. Shi ya sa gida kan faɗi bayan an ɗauke ruwan, mutane na barci.

Ga kuma itacen rufin. Magina na da suna amfani da azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, kuma sun san iyakar tazarar da za ta iya ratsawa, shi ya sa ɗakunansu ba su da faɗi sai an ɗaure su da bakan gizo. Giginya ta yi wuya yanzu, sai sandunan dogon yaro da turare. Lissafin RDM ya nuna cewa sanda mai kaurin santimita 8 tana ɗaukar kusan rabin abin da mai santimita 10 ke ɗauka, alhali a ido bambancinsu bai wuce yatsa guda ba. Idan kuma maigida ya ce a faɗaɗa ɗakin daga mita 3 zuwa 4 domin gado da kujerun amarya su shiga, wahalar da ke kan tsakiyar kowace sanda ta kusan ninkawa. Ɗalibin shekara ta biyu zai iya yin wannan lissafi cikin minti goma. Abin tambaya shi ne ko an taɓa ba shi irinsa.

Yaron da ya tashi a Buza ko Keita yana son zama injiniyan gine-gine galibi sai ya bar jiharsa. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ta fi suna a fannonin shari'a, tattalin arziki da gudanarwa, don haka hanya takan kai shi Maraɗi, inda cibiyar fasaha ta Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ke koyar da aikin injiniyan gine-gine, ko kuma makarantar EMIG ta Yamai. Littattafan da ake karatun wannan darasi da su a ƙasashen da ke amfani da Faransanci an gina su ne kan ƙarfe da kankare, kayan da masana'anta ta auna ta rubuta ƙarfinsu a jadawali. Ƙa'idojin lissafin kankare da aka fi sani, BAEL, na Faransa ne, ita kuma Faransar ta riga ta koma ga ƙa'idojin bai ɗaya na Turai. Dokokin lissafin ba su da laifi, domin yadda sanda ke lanƙwashewa a Paris haka take lanƙwashewa a Madawa. Matsalar tana cikin lambobin da ake zubawa a lissafin. Babu jadawalin Turai da zai faɗa wa ɗalibi ƙarfin tubalin da aka kwaɓa da ƙasar kwarin Majiya, ko na bulon da aka buga da hannu a bakin hanya aka bar shi a rana babu ban ruwa. Waɗannan sai an gwada, gwajin kuma yana nufin a matse abu har ya fashe, a rubuta nauyin da ya fasa shi.

Ilimin ma da haka ya fara. Galileo, a littafinsa na 1638, da katakon da aka kafe a bango aka rataya masa dutse ya buɗe maganar, kuma bai dace da amsar daidai ba. Sai da aka yi kusan shekara 200 kafin a daidaita lissafin.

Abin da Keita ta ajiye

Abin mamaki shi ne babban ɗakin gwajin yana nan shimfiɗe a fili. A 1984, bayan farin da ya durƙusar da yankin, aka fara Aikin Keita da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar FAO ta gudanar, Shirin Abinci na Duniya kuma ya biya ma'aikata da abinci. Mata ne suka yi mafi yawan aikin, domin maza sun tafi ci-rani. Daga baya aka faɗaɗa shi zuwa Buza da Abalak. An dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an yi hanyoyi, an kuma datse ƙoramu da madatsu, da yawansu na gabiyon, wato ragar waya da ake cika da duwatsu a jera kamar bulo.

Waɗannan madatsu sun sha damina talatin zuwa arba'in. Wasu na tsaye, wasu yashi ya cike su, wasu ruwa ya ƙwaƙule gindinsu ko ya zagaye su ta gefe, wasu kuma wayarsu ta yi tsatsa ta tsinke duwatsun suka watse. Kowace irin lalacewa babi ce a littafin RDM da 'yan uwansa: jan da waya ke sha, turin da ruwa ke yi wa bango, zamewa, kifewa. Gabiyon na da wata ɗabi'a da kankare ba shi da ita: idan ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta zauna, sai ya lanƙwashe ya bi ta maimakon ya tsage. Ɗalibin da ya yi mako biyu yana auna madatsar da ta karye, yana neman inda ta fara gazawa, zai koma aji da tambayoyin da allo ba ya haifarwa. Ƙananan hukumomin da ke da waɗannan madatsu kuma za su samu rahoton da ba su da kuɗin biyan kamfani ya yi musu.

Laka ma tana da shaidunta a jihar. Masallacin Juma'a na Yaama, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018. Ƙasar da ke kashe mutane a wani wuri ita ce ke riƙe da rufin ɗaruruwan masallata a wani wurin. Bambancin yana ga harsashin da ya ɗaga bango daga ruwa, da indararon da ke jefa ruwan nesa, da yaɓen da ake sabuntawa kafin damina.

Siminti ba laya ba ne

Wannan ɓangaren ya fi shafar 'yan ci-rani. Adar ta daɗe tana tura 'ya'yanta Abidjan, Legas, Kamaru da Libiya, kuma burin farko na wanda ya samu abin hannu shi ne ya rushe ɗakin laka ya yi wa iyaye na siminti. Simintin ma ba ya nisa, ga masana'antarsa a Malbaza, kan babbar hanyar Ƙonni zuwa Madawa, tun shekarun 1960. Sai dai mai kuɗin yana nesa, abin da yake gani hoto ne a WhatsApp, hoto kuma ba ya nuna abin da ke cikin bango.

Kankaren da aka haɗa daidai, buhu bakwai na siminti a kowace mita mai kusurwa huɗu ta ko'ina, yana da ƙarfi ƙwarai wajen ɗaukar danni. Ɗan gungumen gwaji mai faɗin santimita 16 kan ɗauki kusan tan 50 bayan kwana 28. Amma idan jan sa aka yi, bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wannan ƙarfi ba, shi ya sa ake sa masa rodi a inda jan yake: a ƙasa idan tsakiyar rufi ne, a sama idan baranda ce da ta fito ba ginshiƙi. Birkilan da ya taka rodin baranda ya danna shi ƙasa lokacin zuba kankare ya mayar da shi ado. Wanda ya sa rodi mai milimita 10 a gurbin mai 12 ya rage kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfen. Ƙarin ruwa a kwaɓi yana sauƙaƙa aiki yana rage ƙarfi, rashin ban ruwa a makon farko cikin zafin watan Afrilu kuma yana hana simintin gama kamawa. Rufin kankare da aka yi haka ya fi na ƙasa haɗari, domin ba ya yin kukan gargaɗi da azara kan yi.

Za a ce injin matse kankare na da tsada, malamai sun yi kaɗan, kuma ɗakin gwaje-gwajen ƙasa na ayyukan hanyoyi da gine-gine yana Yamai, fiye da kilomita 500 daga Tawa. Haka ne, kuma babbar gada ko bene ba su da makawa sai irin wannan ɗaki. Amma gwada bulo da tubali da sandar rufi bai buƙatar fiye da jak ɗin babbar mota mai ma'aunin matsi, da firam ɗin da mai walda a Madawa zai iya haɗawa. Sakamakon ba zai kai na Yamai daidaito ba, amma zai raba bulo mai kyau da na banza, wanda shi ne abin da mai gini ke son sani.

Ƙalubalen da ya fi wannan shi ne cewa injiniya ba ya zuwa ginin ɗaki biyu a ƙauye, domin babu mai biyansa. Magini ne ke yanke hukunci, shi da maigida. Don haka amfanin abin da ɗalibai za su auna ya dogara ga ko zai isa cibiyoyin koyar da sana'o'i na ƙananan hukumomi, a takarda ɗaya da Hausa: sanda mai kauri kaza ga ɗaki mai faɗi kaza, bulo kaza daga buhu ɗaya, kwana kaza na ban ruwa. Kafin a samu wannan takarda, ɗan ci-ranin da ke aiko da kuɗi na iya neman a turo masa hoton rodin a ɗaure da ma'auni a jikinsa kafin a zuba kankare, ya tambayi bulo nawa aka buga daga kowane buhu, ya kuma ware kuɗin ruwan da za a riƙa zuba wa ginin na aƙalla kwana bakwai.