Libarbar kaka ta rasa harsashi, kalash ba ta taɓa rasawa ba

Akwai wata tambaya da na ji fiye da sau ɗaya a fadojin samari tsakanin Konni, Malbaza da Illela: "Wa ya san inda ake samun harsashin irin wagga bindiga?" Sai a miƙo waya a nuna hoton tsohuwar libarba, ƙaramar bindigar hannun nan mai ɗakin harsashi da ke juyawa, wadda aka tarar cikin adakar wani kaka tsohon soja bayan rasuwarsa. Amsata ga 'yan'uwana matasa gajera ce: kada ku nemo mata. Amma wahalar samun harsashin nata tana nuna mana wani abu game da matsalar tsaron da muke ciki, kuma shi nake so mu tsaya a kai.

Kowace bindiga da awon harsashinta. Libarbar sojan Faransa samfurin 1892, wadda aka ƙera a Saint-Étienne, harsashi shida take ɗauka mai milimita 8. Yayarta ta 1873 mai milimita 11 ce, kuma tun zamanin baƙin albarushi aka yi ta. Turawan Ingila da suka mulki maƙwabtanmu na Najeriya Webley suke ratayawa, mai awon .455, daga baya suka koma .38. Ta Rasha, Nagant 1895, bakwai take ci, kuma lambar awonta 7.62 ce, lamba ɗaya da ta Kalashnikov, amma harsashin wannan ba ya shiga waccan ko kusa. Rundunonin da suka yi amfani da su sun daɗe da ajiye su. 'Yan tsirarun kamfanonin da ke yi musu harsashi yau, don masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka suke yi. Shi ya sa ba za ka same shi ba a Konni, ba kuma za ka same shi a Tahoua ba.

Kube ba matsala ba ne, kowane baduku a kasuwa zai ɗinka maka na fata mai kyau kafin la'asar. Inda hatsarin yake shi ne lokacin da wani ya ce maka "ai ga wanda ya yi kusa, maƙeri zai daidaita". Ƙarfen da ya haura shekara ɗari yana cin tsatsa, a ɗura masa albarushin zamani mai ƙarfi ko harsashin da ba nasa ba, wallahi hannun mai harbin ne zai fara tafiya kafin ɗan fashin ya ji komai.

To a ce ma ka dage. Wa za ka tambaya? Mutumin da zai iya tsallako da harsashi ta bayan duwan da jandarma, shi ne dai mutumin da ke kai wa 'yan daji nasu. Ka ba shi kuɗinka, ka ba shi lambar wayarka, ka kuma sanar da shi cewa gidanku akwai bindiga kuma babu komai cikinta. Ta fuskar doka kuwa, riƙe bindiga a Nijar sai da izinin ma'aikatar cikin gida, kuma gado ba izini ba ne. Jandarman da ya tsayar da kai a hanyar Tsernaoua ba zai tambayi shekarun ƙarfen ba.

Ban raina tsoron da ke sa saurayi wannan tunani ba. A watan Oktoba na 2020 'yan bindiga suka shiga Massalata, nan bakin Konni, suka ɗauke wani Ba'amurke suka tsallaka da shi Najeriya. Cikin 'yan kwanaki sojan ƙasarsa suka sauko suka ƙwato shi. Mu kuwa in an ɗauki namu, shanu ake sayarwa da albasar shekara a haɗa kuɗin fansa. Ranar 21 ga Maris 2021 an kashe mutum 137 a yankin Tillia, cikin jiharmu ta Tahoua. A ƙarshen 2024 sojan Najeriya da kansu suka fito suka yi maganar Lakurawa a Tangaza da Gudu, daf da iyakarmu. Wanda ya kwana cikin wannan, dole ya kalli adakar kakansa. Sai dai a yi lissafi: harsashi shida gaban mutanen da kowannensu ke da talatin a cikin gidan harsashi ɗaya. Kuma mun ga yadda ta ƙare a Zamfara da kowa ya ɗauki makami da sunan sa-kai, ramuwa ta haifi ramuwa har aka rasa wanda ya fara.

Yanzu ga abin da nake so mu lura da shi. Babu sojan da ya zo ya ƙwace libarbar nan, babu dokar da ta karya ta. Ta mutu ne a cikin adaka saboda an daina kawo mata abinci. Bindiga tana iya shekara ɗari, harsashi kuwa harbi ɗaya ne ya ƙare, sai an sake sayo wani. Kenan duk ɗan bindigar da ke daji yana da mai kawo masa kaya a kai a kai, kamar yadda mai tebur ke da dillalinsa. Maƙeranmu suna iya ƙera harbi-ka-ruga, amma harsashin kalash, 7.62x39, da kwansonsa da ɗan maɓallin wutar da ke gindinsa, aikin masana'anta ne. Duk ƙwaya ɗaya da aka harba a dajin iyakar nan, wata masana'anta ta yi ta, an saye ta da takarda, sannan a wani wuri ta zube daga hannun da ya kamata ya riƙe ta.

Mun saba cewa "daga Libiya ne", kuma gaskiya ne rumbunan Gaddafi da suka fashe a 2011 sun cika Sahel da makamai. Amma rahoton da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun laifuka, UNODC, ya fitar a 2023 kan fataucin bindigogi a Sahel ya nuna babbar mafarin ta fi haka kusa da gida: makaman rundunonin ƙasashen yankin da kansu, waɗanda ake ƙwacewa a fagen daga, ko a sace a rumbu, ko wani gurɓataccen jami'i ya sayar. Na farkon da jinin sojanmu ake biyan sa, Allah ya jiƙan waɗanda suka faɗi. Na biyu da na uku kuwa lissafi ne da rajista, kuma ɗan ƙasa yana da damar tambaya ko ana yin su, a nan da kuma can hayin.

Ana iya bin sawu, ba tatsuniya ba ce. Ka juya kwanson harsashi ka dubi gindinsa, galibi za ka ga lambar masana'anta da shekarar da aka yi shi. Da irin waɗannan alamomin masu bincike kamar Conflict Armament Research ke gano hanyar da kaya suka bi. Abin mamaki, duniya ta daɗe tana kau da kai: tsarin bin sawun ƙananan makamai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi a 2005 bai haɗa da harsashi ba, sai a Disamba 2023 aka yi wa harsashi nasa tsarin. Yarjejeniyar CEDEAO da aka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta riga su, don ita ta ambaci harsashi tun cikin sunanta. Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairu 2025. Kowa da ra'ayinsa kan fitar, ba shi na zo tattaunawa ba. Tambayata ita ce me ya maye gurbin wancan haɗin kai tsakanin Yamai da Abuja kan harsashi, alhali daga Konni zuwa Illelar Sakkwato (ba tamu ta wajen Badagishiri ba) tafiyar 'yan mintoci ce a kan kabu-kabu.

Muna da hukuma tun 1994, CNCCAI, wadda aikinta kenan tattara haramtattun makamai. Ƙasar nan ta taɓa tara bindigogi ta cinna musu wuta a Agadez ranar 25 ga Satumba 2000, bayan tawaye. Abin da nake nema bai kai wannan girma ba. Duk inda aka kai hari a ƙauyukanmu, a tsince kwansunan a rubuta lambobinsu, maimakon a bar yara suna wasa da su. Sannan hukumar ta sauko Konni da Malbaza da Illela, ta hannun sarakuna da magadan gari, ta ware kwanaki da iyali za su kawo bindigar gado ba tare da tsoron kaso ba. Wadda ke da tarihi a toshe bakinta yadda ba za ta ƙara harbi ba, a rubuta sunan mai ita da inda ya yi soja, a kai ta gidan tarihi na Boubou Hama ko a samar mata wuri a nan. Garin da Voulet da Chanoine suka yi wa kisan kiyashi a 1899 ya cancanci ɗakin da zai ajiye irin waɗannan ƙarafa.

Kafin a kai ga nan, wanda ke da ita a gida ya daina yawo da hotonta a waya, kuma kada ya ɗauro ta a babur shi kaɗai ya ce zai kai jandarmeri. A sanar da babban gida, shi ya je wajen mai gari, mai gari ya kira hukuma ta zo ta ɗauka da takarda.