Guntun Jarida Ko Yankakken Labari?

A makarantunmu na sakandare, idan malami ya umarci ɗalibai su kawo labarin da suka yanko daga jarida, sai ka ji suna kiransa "guntun jarida". A ganina wannan suna bai dace ba. Guntun jarida shi ne wanda mai tsire ke naɗe nama da shi a tashar Gusau. Amma abin da ɗalibi ya karanta, ya zaɓa, ya sa almakashi ya yanke domin ajiya, sunan da ya cancance shi "yankakken labari".

Ina yaro a Furfuri, wani malaminmu yana da tsohon littafin lissafi wanda yake manna labaran Gaskiya Ta Fi Kwabo a ciki da ƙaro. Jaridar nan an fara buga ta a Zariya a 1939. A ƙarƙashin kowane labari yakan rubuta abu uku: sunan jarida, kwanan wata da lambar shafi. Sai da na fara nazarin tsirrai a jami'a na gane hikimarsa. Ganyen da muka busar muka adana, in ba a rubuta inda aka tsinko shi da ranar ba, ba shi da amfani ga mai bincike. Haka ma yankakken labari: in babu kwanan wata, ya koma guntun jarida.

Mu ɗauki misali daga jiharmu. A 2010 gubar dalma ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Ɗalibin da ya jera labaran wannan annoba bisa kwanan wata zai ga yadda aka gano sanadin mace-macen, da yadda aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, da yadda likitocin MSF suka yi wa yara magani. Wanda ya tara su a hargitse kuwa, jita-jita kawai ya tara.

Wani zai ce ai zamanin almakashi ya wuce. To, hoton labarin da ake turowa ta WhatsApp ba suna ba kwanan wata, shi ne guntun jaridar yau, kuma ya sha tayar da hankalin jama'a da tsohon labari.

Saboda haka ina kira ga malaman kimiyya su buɗe wa kowane aji kundin yankakkun labarai. A ajiye shi a inuwa, domin takardar jarida tana ɗauke da sinadarin itace mai suna liginin, wanda haske ke sa shi ya mai da ita rawaya. A guji salatif, don yana ɓata takarda. Sannan kada a karɓi labari daga hannun ɗalibi sai ya rubuta abubuwan nan uku a ƙarƙashinsa.