Sabuwar Doka a Wasan Rugbi

A watan Janairu na 2023, hukumar rugbi ta Ingila, wato wasan ƙwallon da ake runguma a sheƙa da ita, ta ce za ta hana ƙananan ƙungiyoyi kama abokin karawa sama da ƙugu, don gudun buguwar kai. 'Yan wasa suka yi mata ca, gama ba a shawarce su ba. Ta nemi gafara, ta mai da iyaka ƙasan ƙirji daga 1 ga Yuli.

Nufinta alheri ne, gaggawa ce ta ɓata shi. Alƙalin wasa yana hukunci cikin ƙiftawar ido, ɗan wasa kuwa ya saba da tsohon kamu tun ƙuruciya. Wajibi ne a karantar da su duka kafin a hukunta kowa. In an sake mudu da dare, kasuwa da rikici za ta ci.