NA'URAR SHINSHINAR GANYE: A GWADA TA A KURU KAFIN A KAWO TA KASUWA

Shuka ba ta da baki, amma idan cuta ta kama ta ko ƙwaro ya gaigaye ta, warin da ganyenta ke fitarwa yakan sauya tun kafin ido ya ga tabo. A kan wannan ne masana a Jami'ar Jihar North Carolina ta Amurka suka dogara, suka fito da wata 'yar na'ura a shekarar 2019, wadda ake maƙala wa wayar salula.

Akan rufe ganyen tumatir cikin mazubi na ɗan lokaci, sa'an nan a zuƙo iskar ta bi ta kan wata takarda mai ɗigo goma na sinadarai. Ɗigon su sauya launi, kyamarar wayar ta karanta. Da haka aka gano cutar ƙunar ganye kwana biyu bayan ta shiga, kuma an dace fiye da kashi 95 cikin 100.

Wannan cuta ita ce ta jefa ƙasar Ireland cikin yunwa daga 1845, kuma ita ce manoman dankalin turawa na Bokkos da Mangu a Jihar Filato ke fargaba duk damina. Manomin da bai san ranar zuwanta ba, ko dai ya yi ta feshi a makance da maganin da aka sayo da kuɗin waje, ko kuwa ya jira har gona ta ƙone. Kowanne ya ɗauka, asara ce gare shi da dillalin da ya ba shi bashi, har da Hukumar Inshorar Aikin Gona ta Ƙasa. Saboda haka 'yan kasuwa na da dalilin sa ido.

Sai dai kada a yi gaggawa. A kan tumatir aka yi wancan gwaji, ba dankali ba, kuma sanyi da raɓar Filato daban suke da ɗakin bincike. Mai shigo da kaya da ya tallata na'urar a matsayin maganin kowace cuta zai ɓata mata suna tun ba a je ko'ina ba. Ya kamata a fara miƙa ta ga tashar binciken dankali da ke Kuru, kusa da Jos, a gwada ta damina biyu a gonakin manoma, a kuma bayyana nawa kowace takarda za ta kama a naira. Idan ta ci jarrabawa, ƙungiyoyin manoma da malaman gona ne masu sayenta na farko, domin na'ura ɗaya za ta iya zagaya gonaki da yawa.