Mun San Sanatocin Abuja, Amma Wa Ke Riƙe Da Kwamitin Ƙananan Hukumomi A Alausa?



Ku je majalisar shayi a Agege, ko Idi-Araba, ko Obalende bayan sallar isha'i, ku ja zancen siyasa. Za a lissafo muku sanatocin Kano uku ba tare da kuskure ba, a faɗa muku wanda ya sauya sheƙa a Zamfara da wanda ke shirin sauyawa a Katsina. To ku tambaya: wane ne ɗan majalisar jiha mai wakiltar unguwar nan da muke zaune? Wane ne shugaban kwamitin ƙananan hukumomi a majalisar dokokin Legas? Nan za a yi shiru, kowa ya koma kan kofinsa. Mu ma da muke wannan rubutu ba mu tsira daga wannan laifi ba, mun daɗe muna yinsa.

Abin damuwar shi ne, abincinmu na yau da kullum ya fi rataya a kan wannan majalisa ta Alausa mai kujeru 40 fiye da yadda ya rataya a kan Abuja.

Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya jera ayyukan ƙaramar hukuma. Akwai kafawa da kula da kasuwanni, da mayanka, da tashoshin mota, da banɗakunan jama'a. Akwai maƙabartu. Akwai bayar da lasisin baro da kura da keke. Akwai sa ido a kan shaguna da tireda da wuraren sayar da abinci. Wanda ya karanta wannan jeri zai ɗauka sana'o'inmu aka zauna aka rubuta: 'yan gwari, mahauta, masu turin baro, 'yan garuwa, masu shayi da burodi, har da inda muke kai mamatanmu. Amma sashe na 7 na kundin ya ce gwamnatin jiha ce za ta yi dokar da za ta tsara kafa ƙananan hukumomi, da fasalinsu, da kuɗinsu, da ayyukansu. Ma'ana, ciyaman na da ofis da tambari, amma majalisar jiha ce ke yanka masa iyakar gonarsa.

Da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncinta na ranar 11 ga Yulin 2024, inda ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa doka, mutane da yawa sun yi murna, sun ce an kai ƙarshen danniya. Hukuncin ya yi kyau, ba mu musa ba. Sai dai bai goge sashe na 7 ba, kuma majalisun jihohi ba su ɓata lokaci ba wajen nuna hakan. A watan Oktoban shekarar, majalisar Anambra ta yi dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumomi zuba wani kaso na kuɗinsu a wani asusu na haɗin gwiwa da jiha, Gwamna Soludo kuma ya sa hannu. A watan Disamba majalisar Edo ta dakatar da ciyamomi 18 da mataimakansu gaba ɗaya, bayan ƙorafin da gwamna ya aike mata. A nan Legas ma, a watan Oktoban 2024 majalisa ta dakatar da ciyaman ɗin Alimosho, wadda ita ce ƙaramar hukuma mafi yawan jama'a a jihar. Ko majalisun nan na da hurumin yin abin da suka yi, wannan lauyoyi na ta gardama a kai. Abin da ba a gardama a kai shi ne sun yi, kuma ciyamomi sun ji a jikinsu.

Lamarin Legas ma ya fi na sauran sarƙaƙiya. Kundin tsarin mulki ƙananan hukumomi 20 ya sani a jihar. Sauran 37 ɗin da ake kira LCDA, a zamanin gwamnatin Tinubu aka ƙirƙiro su a 2003, abin da ya sa Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas har aka je Kotun Ƙoli a 2004. Kotu ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, ta kuma ce sababbin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da su cikin kundi. Har yau ba a shigar ba. Saboda haka dokar jiha ce kaɗai ke riƙe da su, kuma abin da majalisa ta ɗaura tana iya kwancewa. Kasuwar Mile 12 a ƙarƙashin Ikosi-Isheri take, LCDA ce. Orile-Agege LCDA ce. Ikoyi-Obalende LCDA ce. A ƙarshen 2024 majalisa ta kawo ƙudurin da ya nemi sauya matsayin waɗannan 37 ɗin, aka yi ta ce-ce-ku-ce, aka zauna jin ra'ayin jama'a, daga baya dai aka bar su har aka yi zaɓe a dukkan 57 ɗin ranar 12 ga Yulin 2025. Ciyamomi sun je, sarakunan gargajiya sun je, 'yan siyasa sun cika zauren. Kowa ya tambayi ƙungiyarsa: mun kai takarda? Mun ma san an yi zaman?

A nan ne maganar kwamiti ta shigo, kuma ita ce muke so 'yan uwa su fahimta sosai.

Abin da muke gani a talabijin, kakaki na buga gudumarsa ana cewa an amince, shi ne ƙarshen aiki. Ƙuduri yakan sha karatu na farko, ya sha na biyu inda ake muhawara a kan manufarsa, sannan a miƙa shi ga kwamitin da abin ya shafa. A hannun kwamiti ne ake bin sa sashe bayan sashe, a cire, a ƙara, a sa adadin tara, a sa ranar fara aiki. Shugaban kwamiti da sakatarensa ne ke tsayar da ranar jin ra'ayin jama'a, su ne ke aika takardun gayyata, su ne ke tsara wanda zai yi magana da minti nawa zai samu, su ne kuma ke rubuta rahoton da za a kai zaure. Sau da yawa abin da rahoton ya ce shi ke zama doka. Bayan haka kundin tsarin mulki, a sashe na 128 da 129, ya ba majalisa ikon bincike da kiran mutum ya zo ya yi bayani, kuma ta hannun kwamitoci ake yin wannan. Ciyaman ɗin da zai bar Sarkin Hausawa a ɗakin jira na awa uku, idan takardar kwamitin ƙananan hukumomi ta iso shi, da sassafe zai kama hanyar Alausa da fayil a hammata.

Kujerar shugaban kwamiti kuwa ba zaɓen jama'a ba ce, daga shugabancin majalisa take fitowa. Shi ya sa rikicin da aka yi a farkon 2025 ya shafe mu ko da ba mu lura ba. Ranar 13 ga Janairu 'yan majalisa suka tsige Mudashiru Obasa, wanda ke kakaki tun 2015 kuma Agege yake wakilta, suka ɗora Mojisola Meranda. Ranar 3 ga Maris ta sauka, ya dawo. Mu mun kalli abin kamar wasan kwaikwayo, ana tura bidiyo a waya ana dariya. Alhali duk lokacin da kujerar kakaki ta girgiza, na kwamitoci ma sai sun girgiza, kuma wanda aka yi shekara biyu ana gina sanayya da shi zai iya wayar gari a wani kwamiti daban.

Mun san abin da wasu za su ce. Na farko, majalisar jiha 'yar amshin shatar gwamna ce, me za a je yi? Akwai gaskiya a ciki, musamman a jihar da jam'iyya ɗaya ta lashe dukkan kujerun ciyaman 57. Idan gwamna ya ƙudiri abu, da wuya majalisa ta tsaya masa. Amma gwamna manufa yake bayarwa, ba ya zama ya rubuta ko tarar naira dubu nawa ce, ko za a ba da wa'adin wata ɗaya ko na shida, ko kayan da aka kama za a mayar wa mai su ko a'a. Waɗannan ƙananan layukan su ne ke raba mutum da jarinsa, kuma su ne ake iya gyarawa a kwamiti.

Na biyu, za a ce mu baƙi ne, kada mu tsoma baki a harkar masu gari. To akwai iyalai a Agege da kakanninsu suka zo tun zamanin fataucin goro da shimfiɗa layin dogo, 'ya'yansu a nan aka haife su, Yarbanci a bakinsu kamar Hausa. Tikitin da ake yanka mana kullum a kasuwa bai taɓa tambayar asalin jiharmu ba. Zaman jin ra'ayin jama'a kuwa a buɗe yake ga duk wanda dokar za ta shafa. Zuwa da ladabi a faɗi damuwa a rubuce ba raini ba ne ga masu masaukinmu. Abin da ke ɓata zama shi ne a yi shiru har doka ta fara aiki, sannan matasa su fito titi cikin fushi.

Mun ga wannan a harkar acaɓa. Dokar hanya ta 2012 da ta gyaran harkar sufuri ta 2018, duk daga wannan majalisa suka fito, kuma a kansu gwamnati ta dogara ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a Fabrairun 2020, ta sake tsanantawa daga 1 ga Yunin 2022. Dubban 'yan uwanmu abin ya shafa, an niƙe babura, wasu sun koma gida hannu rabbana. Kukanmu ya fi ƙarfi a 2022, alhali tawadar dokar ta bushe tun shekaru kafin nan. Ihu ne bayan hari. Haka dokar hana kiwo a fili ta Satumban 2021, cikin 'yan makonni ta ratsa majalisa gwamna ya sa hannu.

Laifin shugabanninmu a nan shi ne sun mayar da hulɗa da hukuma ziyarar ban girma. A sa manyan riguna, a je ofis, a yi hoto, a dawo a sa a Facebook. Hoto ba ya shiga rahoton kwamiti. Takarda mai shafi biyu da aka miƙa wa sakataren kwamiti aka buga mata hatimin karɓa, ita ke shiga.

Ga misali ɗaya da za a iya farawa da shi. Tun 2010 Legas na da dokar da ta jera harajin da aka yarda ƙaramar hukuma ta karɓa. Kowace ƙungiyar kasuwa ta tara rasit da tikitin da mambobinta suka biya a wata ɗaya, a ajiye su gefe da gefe da wannan jeri. Duk abin da ba ya cikin jerin, a rubuta shi, a kai wa kwamitin ƙananan hukumomi, a ba ɗan majalisar mazaɓa kwafi. Muna da lauyoyi da ɗalibai a cikinmu da za su iya wannan aiki a ƙarshen mako ɗaya. Ya kamata kuma kowace ƙungiya ta ware mutum biyu da aikinsu shi ne bibiyar sanarwar majalisa, domin gayyatar jin ra'ayi kan fito a jarida kwanaki kaɗan kafin zama.

Sai katin zaɓe. Ɗan majalisa na sauraron takarda ne gwargwadon ƙuri'un da ke bayanta. Yawancinmu katinmu na can Jigawa ko Sakkwato, ranar zaɓe mu cika motoci mu tafi, mu bar mazaɓar da muka shekara ashirin a cikinta ba mu da ko ƙuri'a ɗaya. Hukumar INEC na ba da damar sauya wurin zaɓe a duk lokacin da ta buɗe rajista, kuma da wannan rajistar ake zaɓen ɗan majalisar jiha da ciyaman da kansila. Wanda ya san a nan yake neman abinci, a nan 'ya'yansa ke makaranta, ya je ofishinsu na ƙaramar hukumarsa da katinsa ya nemi a mayar da shi rumfar da ke kusa da gidansa.