Ƙugiyar Hausa Ba Ita Ta Ɓoye Mu A Intanet Ba

Akwai wata shawara da ta zama ruwan dare a bakin masu koya wa matasa dabarun fitowa a sahun gaba na binciken Google, daga Damagaram har Kano. Cewa suke: in kana so a gan ka, yi rubutu da Faransanci ko Turanci. In kuma dole sai Hausa, to cire ƙugiyar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ka yi ta cusa kalmomin da jama'a ke nema, ko sun dace ko ba su dace ba. Wannan shawara ɓarna ce, kuma garuruwa irin su Gidimuni ne ke kwana a ciki.

Duk wanda ya bi babbar hanya daga Zinder zuwa Gure ya san Gidimuni: kwari mai ruwa a tsakiyar tudun yashi, da rake da dabino da rogo da kayan lambu. A 2019 aka sa tafkin garin cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Rubuta sunan garin yadda Faransawa suka rubuta shi, Guidimouni, za ka sami rahotannin masana da na ƙungiyoyin raya karkara. Rubuta shi yadda mutanensa ke faɗa, abin da zai fito bai taka kara ya karya ba. Ba don manoman kwarin ba su da abin cewa ba ne. Sun fi kowane ɗan bincike sanin lokacin da ruwa ke ja, da inda kanwa ke cin ƙasa, da farashin damin rake. Amma duk wannan ilimi yana yawo ne a saƙon murya na WhatsApp, wurin da yake a kulle, injin bincike ba ya shiga. Sanarwar da aka rubuta kuwa, sai a mayar da ita hoto a liƙa a Facebook. Injin bincike rubutu yake bi yana tattarawa, kuma abin da ba a ajiye masa a rubuce a fili ba, da wuya ya kawo maka shi.

Masu cire ƙugiya suna da hujja guda, kuma ba ta wasa ba ce. A tsarin Unicode, harafin é na Faransanci ana iya raba shi biyu, e da alamar kansa, shi ya sa na'ura ke saurin gane cewa su biyun 'yan gida ɗaya ne. Harafin ƙ kuwa ba ya rabuwa, mai zaman kansa ne. Ga shi yawancin mutane k suke dannawa idan suna nema. Na yarda da wannan. Sai dai maganin da suka kawo ya fi cutar muni. Wanda ya rubuta "kasa" alhali ƙasa yake nufi, ko "baki" a madadin baƙi, ya rikita mai karatu, ya rikita na'urar fassara, ya kuma koya wa injin cewa haka Hausa take. Waɗannan injuna daga abin da muka zuba musu suke koyo. Haruffan nan suna cikin Unicode tun farkon shekarun 1990, Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa da doka a 1999, Google Translate ya karɓi Hausa a 2013, kuma allon rubutu na Gboard yana da Hausa kyauta. Uzurin na'ura ya ƙare tuntuni.

Batun cusa kalmomi kuwa tsohon yayi ne. Tun 2009 Google ya bayyana cewa ba ya duba jerin kalmomin da ake ɓoyewa a kan shafi, kuma maimaita kalma ba gaira ba dalili yana cikin abubuwan da yake ɗauka algus.

Abin da ke aiki ba shi da tsada. Shafi ya zama da kanun da ke faɗin abin da ke ciki. A ajiye rubutu da tsarin UTF-8 don kada ƙugiya ta koma akwati ko alamar tambaya. A sa alamar harshe "ha", domin manhajar da ke karanta wa makaho ta san Hausa ce a gabanta. Kowane hoto a rubuta bayaninsa. A ambaci Gidimuni, a sa rubutun Faransancin sau ɗaya a gefensa, don mai nema ta kowace hanya ya iso. Shafin kuma ya zama mara nauyi, saboda mai karatunmu a ƙaramar waya yake, a inda layi ke zuwa yana ɗaukewa, kuma da kuɗin cefane ya sayi data.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tarihi. Yaron da ke son sanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye unguwar Birni ta Zinder da ganuwa ya kuma sa aka ƙera igwa a Damagaram, ko Sarki Amadu Kuran Daga da kisan hafsan Faransa Cazemajou a 1898, ko yadda aka ɗauke babban birnin Nijar daga Zinder zuwa Yamai a 1926, kusan dole ya bi ta Faransanci. Ko babban littafin André Salifou na 1971 a kan Damagaram da Faransanci yake. Alhali labaran nan suna bakin maroƙan fada da tsofaffin unguwannin Birni da Zango, da harshen da aka yi su.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. To, a fara da abin da ke hannu. Ma'aikatar magajin garin Gidimuni ta riƙa fitar da sanarwarta a rubuce da Hausa, ba a hoto ba. Gidajen rediyon karkara su ajiye rubutaccen taƙaitaccen kowane shiri kusa da muryarsa. Jami'ar André Salifou ta nemi duk ɗalibin da ya yi bincike a kwarin Gidimuni ya rubuta shafi ɗaya da Hausa mai ƙugiya, a sa shi inda manomin da aka yi wa tambayoyi, ko ɗansa, zai iya nemowa.